Shekarar da Rariyar Kano Ta Riƙe Wasiƙun Sabha

Ku matso da bencin nan cikin inuwa. Kai kuma mai jar hula, ajiye wayar nan ka ba ni kunnenka. Ɗazu na ji kana gaya wa abokinka wai aikin da muka yi a kafe, wato shagon intanet, ba aiki ba ne, danna maɓalli ne kawai. Har kana nuna masa wani lungu a wayarka inda saƙonnin banza ke taruwa da kansu, kana cewa na'ura ce ke yin komai. To madalla da na'ura. Ni Ɗahiru na ga shekarar da na'urar nan ta kusa kashe aure mai 'ya'ya biyu, kuma ba mugunta ta yi ba, aikin da aka sa ta take yi tsakaninta da Allah.

Aikin farko da aka ba ni a sana'ar nan shi ne goge haruffan tafireta da tsohon buroshi da kananzir. Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ma'aikata sun cika gari, kowa da takardar da yake so a buga masa. Maigidana Malam Isyaku tebur ɗaya gare shi a gindin wata darbejiya, da tafireta mai nauyi kamar dutsen niƙa, da kwalin takardun kabon. Sai da na gaji da goge-goge da sauya ribon kafin ya yarda in ɗora yatsa a kan harafi. In na yi kuskure a layin ƙarshe ba ya zagi, sai ya zare takardar ya miƙo min sabuwa, ya ci gaba da cin goronsa. Wallahi na fi son a mare ni. Doka ɗaya ya kafa min, a kanta kuma na tsufa: abin da ya shiga ta idonka ya fita ta yatsunka, kada ya kuskura ya biya ta bakinka. Wannan labarin ma da zan ba ku, sai da masu shi suka ce in bayar.

Da kwamfuta ta shigo, Malam Isyaku ya ce shi ya tsufa da sabon karatu, ya sa min albarka ya sallame ni. Na kama shago a bakin unguwar Limawa da tsohuwar kwamfuta da firinta da ɗan janareta mai hayaƙi. Intanet kuwa sai a shekarun da aka fara shari'a ta iso hannuna, kuma ba irin taku ba ce. Ta layin tarho take zuwa daga wani kamfani a Kano. Akwai ɗan akwati da ake kira modem, zai yi ta kuka yana shaƙewa kamar ɗan akuyar da igiya ta matse kafin layi ya kama, in ya ga dama ke nan. In hadari ya taso, a manta da zancen. Kamfanin ya ba ni adireshin imel guda ɗaya tak, adireshin nan kuma shi ya zama gidan wayar mutanen Aujara da Ringim da ƙauyukansu, don wayar hannu ba ta kai can ba tukuna. Wanda ɗansa ke Jidda ko Sabha ta ƙasar Libiya, wurina zai zo. In buga saƙo a takarda, in ninke, in rubuta suna a baya, in kai wa direbobi a tasha.

Ga inda sana'ar take, ku buɗe kunne. Yawancin mutanenmu da suka tafi neman abinci Libiya ba su yi boko ba, amma ba jahilai ba ne, da ajami suke rubutu tsaf. Kwamfutata kuwa ba ta san ajami ba. Sai muka samo dabara ni da wani Mamman, mutumin Damagaram mai tebur a wani kafe a Sabha, wanda har yau ban taɓa ganin fuskarsa ba. Mutum zai rubuta wasiƙarsa da hannunsa, Mamman ya ɗora ta a kan sikana ya ɗauki hotonta ya turo min. Ba ya ƙara ko kalma, sai sunan mai ita da garinsu a sama. Ni ma haka nake yi da amsa. Saboda wannan kawai na sayi sikana, na kuma koyi yadda ake rage wa hoto nauyi ba tare da ɗige-ɗigen haruffa sun ɓace ba, don ajami in ya rasa ɗigonsa ya zama sawun tururuwa. Mutane sun so abin nan ƙwarai. Tsohuwa za ta karɓi takarda ta shafa ta ce hannun ɗanta ne, ko da ba ta iya karantawa ba.

A cikin masu rubutowa babu kamar Hudu. Maraya ne, ya tashi a gaban wani malamin makarantar allo a Aujara da kowa ke kira Alaramma. Alaramma ya ga hankalinsa, ya sa aka aura masa 'yarsa Saude. Suka haihu biyu, damina ta yi gardama, Hudu ya bi 'yan uwansa ya tafi Sabha aikin gona. Kusan duk Juma'a sai ya rubuto, shafi ɗaya na Alaramma wanda rabinsa gaisuwa ce, shafi ɗaya na Saude, wadda a gidan karatu ta tashi, da kanta take karanta abinta.

Amma kafin in kai ga wasiƙar Hudu sai na ratsa juji. Kullum da safe in na buɗe akwatin nan, saƙon kirki ɗaya yana binne a cikin tarkace. Masu tallar maganin ƙarfi, da masu cewa na ci cacar da ban shiga ba, da matan wasu attajirai da suka mutu suka bar musu dukiyar da ba mai ɗauka sai ni Ɗahiru na Limawa. Kuma dole kowanne ya sauko ta siririn layin nan kafin na kirki ya samu hanya. Da hannu nake tankaɗe, ɗaya bayan ɗaya, ina duba wanda ya aiko da abin da ya rubuta a sama. Kwana da kwanaki ido yakan saba, amma wani lokacin a kan yi tuntuɓe.

Tuntuɓen da ba zan manta ba, ranar da Alaramma ya shigo Dutse ta'aziyya ya biyo ya karɓi wasiƙarsa da kansa. Na ba shi kujera kusa da ni, yana kallon gilashin kwamfuta yana tasbihi, yana mamakin ikon Allah. Na danna wani saƙo mai taken gaisuwa, ina zaton na mutanenmu ne. Abin da ya bayyana, yara, ba zan faɗa ba, ku dai ce wata baiwar Allah ce da ta manta inda ta ajiye zaninta. Na ruɗe, na rasa maɓallin kashewa, sai na cire hulata na kifa a gilashin, hular ma ba ta rufe rabi ba. Alaramma ya yi a'uziyya ya fita da takalmi ɗaya a hannu, ya ce ƙafarsa ba za ta sake taka shagon nan ba. Ba a jima ba 'yan hisba suka zagaya kafe-kafen gari suna nasiha, suka ce a cire labule, a juya gilasai su kalli ƙofa. Gaskiyarsu ce, sai dai juya gilashi ba ya hana shara zuwa, mai wucewa ma yanzu sai ya samu rabonsa.

To ku auna murnar da na yi ranar da kamfanin Kano ya aiko cewa ya kafa na'ura mai tace saƙonni tun daga can. Injiniyansu filta yake ce mata, mu muka sa mata rariya. Washegari na buɗe akwati na gan shi fes, kamar tsakar gidan amarya. Aikin da ke cinye min hantsi ya ƙare kafin shayina ya huce. Na yi ta yabon rariya a majalisa, har muka yi musu da wani ma'aikacin asibiti, Malam Nuhu, wanda ya ce shi bai yarda wani a Kano ya zaɓar masa abin da zai gani da wanda ba zai gani ba. Na ce masa in sharar yake so, ya zo da buhu in ɗura masa.

Daga nan shekarar tsiya ta fara, ba tare da sallama ba. Saƙon ma'aikata na shigowa lafiya lau, na 'yan makaranta na shigowa, amma Sabha ta yi tsit. Juma'a ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Na buga wa Mamman tambaya da boko, shiru. A lokacin kuma ana ta jita-jitar ana kamen baƙi a can, sai kowa ya ce ai shi ke nan, ko an rufe kafen, ko an kwashe su. Mutanen ƙauye suka ci gaba da kawo wasiƙu, ina ɗorawa a sikana, ina turawa, kwamfuta na ce min ya tafi. Ya tafi ina? Ban tambaya ba, don na'ura ba ta taɓa yi min ƙarya ba. Sannu a hankali suka daina zuwa. Direbobi a tasha suka sa ni a gaba, wai akwatina ya koma kura, ana ba shi takarda yana haɗiyewa. Gizo-gizo ya yi saƙa a murfin sikana. Wata tsohuwa daga Ringim ta zauna a ƙofar shagon tana kuka, tana roƙona in sake dubawa da kyau, ko ɗanta ya maƙale a wani lungu. Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

Ana cikin haka Alaramma ya zo. Bai shigo ba, a tsallaken titi ya tsaya ya aiko a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya rame, ya kuma yi fushi irin na wanda ya yi riƙo aka watsa masa ƙasa a ido. Ya ce ya rubuta har alƙalaminsa ya gaji. Ya ce wani direba ya ga Hudu da ransa a kasuwar Sabha, ke nan ba mutuwa ya yi ba, ba kuma kama shi aka yi ba, mantawa ya yi da su. Yayansa kuma, baffan Saude, wanda shi ne babba a gidan, ya matsa lamba a je gaban alƙali a raba auren, ba za a bar yarinya da 'ya'ya biyu tana jiran gawon shanu ba. An tsayar da magana, bayan ƙaramar salla za a tafi. Na ce Allah ya gafarta Malam, a ƙara haƙuri. Ya ce haƙurin ne ya kawo su nan.

Malam Nuhu ne ya tona asirin, shi ma bai sani ba. An yi masa haihuwa, ya kawo hoton jaririn na ɗora a sikana na tura wa ƙaninsa a Kaduna. Ƙanin ya zo suna ya ce shi bai ga komai ba. Malam Nuhu ya taso min da faɗa. Ina cikin rantse-rantse sai wani abu ya ɗarsu a raina. Na ɗauki takardar burodi na ɗora a sikana, na tura wa kaina. Na buga layi biyu da boko, shi ma na tura wa kaina. Na bokon ya dawo nan take. Na hoton kuwa muka jira, muka jira, har aka kira azahar. Nan na gane rariyar nan ce ke haɗiye duk saƙon da ke hoto. Malam Nuhu ya kalle ni ya ce, to Ɗahiru, ga ni na zo da buhun, ɗura min.

Da asuba na hau motar Kano. Injiniyan kamfanin yaro ne mai hankali, bai raina ni ba. Ya zaunar da ni ya nuna min abin da rariyar ke tarewa a yini guda, na gani da idona, na ce a'uzu billahi. Ya ce in ya cire ta, layukanmu za su toshe kafin la'asar, kuma masu kafe irina ne suka dame su da kuka kafin a kafa ta. Ban musa ba. Ya ce masu aiko da hotunan batsa sun gano ana kama su ta kalmomi, sai suka koma turo hoto zalla ba rubutu. Shi ya sa aka gaya wa rariya duk saƙon da hoto ne kawai ta riƙe shi, adireshin da ya cika aiko da irinsa kuma ta rufe ƙofa tsakaninmu da shi, shiga da fita. Ka ji fa. Garin neman gira aka rasa ido.

Na tambaye shi inda abin da ta riƙe yake zuwa. Ya ce akwai wani kwando da take zubawa, ya kamata a ce an share shi tuntuni, aiki ne ya yi masa yawa. Allah ya yi wa yawan aikin nan albarka! Ya buɗe, muka nemi sunan Mamman, sai ga su jere kamar buhunan gero a rumbu. Ya danna ɗaya, rubutun ajami ya cika gilashi. Ashe shi ma ɗan gidan malamai ne. Ya karanta layi biyu, wani yana tambayar ko uwarsa ta warke, sai ya cire tabarau ya yi salati. A nan muka yi yarjejeniyar da har yau nake kai. Rariya ta ci gaba da aikinta, ban ce a cire ta ba, wanda ya sha warin jujin nan ba zai ce haka ba. Amma abin da ta tare kada ta zubar a ɓoye, ta ajiye shi gefe inda mai akwati zai leƙa da idonsa. Matar da ke tankaɗe ma ba ta zubar da tsaki sai ta duba. Ya buɗe ƙofar Sabha nan take, ya kwafe min wasiƙun a faifai.

Na dawo Dutse kamar in tashi sama. Firinta ta yi ta aiki har ta yi zafi, ina fifita ta da kwali, tawada ta ƙare na aro ta maƙwabci. Na ware na Ringim, na ware na Jahun, na ruga tasha. Direbobin da ke kirana mai kura suka yi ta wawason takardu, kowa na neman na garinsu, wani ya ɗaga ni sama. Na Alaramma kuwa ban ba kowa ba. Na jera su bi da bi yadda suka zo, ban karanta ko ɗaya ba, na ɗaure a jakar leda, na hau babur sai Aujara. Azumi ya kusa ƙarewa, ina tafe ina lissafin irin goron da zan karɓa.

Na same shi a zaure. Na ce albishirinka, Allah ya gafarta Malam. Bai ce goro ba, sai da ya ga rubutun. Ya karɓe su. Ya ware na Saude ya aika mata ciki, ya fara karanta nasa ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana cewa Allahu akbar, yaron nan bai manta ba, na ɗauki alhakinsa. Wasiƙun farko cike suke da labarin gona da raha. Na tsakiya sun koma tambaya: lafiya kuwa, me na yi, a gaya min laifina. Ya zo kan ta ƙarshe, gajeriya ce. Ya karanta a zuci. Sannan ya karanta min a fili.

"Allah ya gafarta Malam, shiru ma magana ce, na kuma ji ta. Na san kunya ce ta hana ku gaya min. Ba zan bar 'yarku a rataye ba alhali ina bayan sahara. Na saki Saude saki ɗaya, ba don ta yi min laifin komai ba."

Jama'a, na yi gudu daga Kano zuwa Aujara don in hana a raba aure, ashe takardar sakin ce a jakata. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Alaramma malami ne, bai tsaya kuka ba. Ya duba watan da ke saman takardar, ya ce sakin ya auku tun ranar da aka rubuta shi, idda kuma tana ta tafiya ba wanda ya sani, har ita mai yin ta. Saki ɗaya ne, in Hudu ya mayar da ita kafin idda ta cika, aure na nan daram, ba sai an tambayi kowa ba. In ta cika kuwa, sai sabon ɗauri. Kun san a gidajenmu uba ba ya ba da 'yarsa da kansa, baffa ke bayarwa, baffan nan kuma ya riga ya faɗa a gaban dangi cewa ba zai sake ba mutumin da ke bayan sahara 'yarsu ba. Alaramma ya aika ciki a tambayi mata, don su suka san lissafin. Amsa ta fito cewa ba ta cika ba, amma tana bakin gaɓa. Uwar Saude kuma ta haɗo da wata magana. Saude ta ce a gaya wa Baba ita fa ba ta taɓa cewa a kai ta gaban alƙali ba, kawaici kawai ta yi.

Nan take ya jawo tawada ya rubuta wa Hudu, ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Na karɓa tun ba ta bushe ba, na riƙe ta a iska har bakin babur. Ban san yadda na iso Dutse ba. Na share saƙar gizo-gizo, na ɗora a sikana, na tura, na bi ta da boko ina roƙon Mamman don girman Allah ya nemo Hudu ko a ina yake. Kafin magariba amsa ta shigo, karo na farko cikin watanni. Mamman ya ce shi ma can mutanenmu sun kusa cinye shi ɗanye, suna cewa yana karɓar wasiƙunsu yana zubarwa. Hudu kuma ya daina zuwa tun da ya rubuta waccan takarda, yana wata gona nesa da gari, sai Juma'a motar gonar ke shigowa. Zai tare shi a ƙofar masallaci.

Kwanakin nan ban san na yi ciniki ko ban yi ba. Ko ƙuda ya sauka a kan modem sai na kore shi. Na sa aka duba janareta, na cika shi da mai, na je na yi wa mai gyaran layin tarho kyakkyawar gaisuwa. Malam Nuhu ya ji labari a bakin Alaramma da kansa, shi ma ya tare a shagon, kullum sai ya leƙo ya ce yaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga Alaramma, a Dutse ya yi sallarsa. Ya tsaya a tsallaken titi kamar yadda ya saba. Ya ce kafin ya baro gida ya sake tambaya, an ce har yanzu da saura, amma kada a dogara da gobe. Na koma ciki na kunna. Modem ya yi kukansa, ya shaƙe, ya kama. Saƙo ɗaya daga Mamman, hoto zalla. Na leƙa na ɗaga hannu. Ban ce ya shigo ba, ban isa ba. Sai kawai na ji mutum a bayana yana numfashi, ya dafa kujerata.

Ku da kuke ganin hoto ya faɗo gaba ɗaya ba za ku gane ba. A lokacin daga sama yake saukowa, layi bayan layi, kamar ana sauke tabarmar ƙofa a hankali. Bisimilla ta fito. Sai gaisuwa. Hudu, Allah ya shirye shi, ko a wannan rana bai rage gaisuwa ba. Ya gaida Alaramma, ya gaida iyali, ya gaida ɗalibai, ya tambayi azumi, ya tambayi ƙafar Alaramma mai ciwo. Alaramma na bin layin da yatsa a jikin gilashi yana cewa, na ji, na ji, yaron nan zo ga magana mana. Daidai nan 'yan wuta suka ɗauke.

Ban taɓa jan igiyar janareta irin ta ranar ba, har fatar hannuna ta saluɓe. Malam Nuhu ya karɓa ya ja, wani direban Ringim da ya zo karɓar takardu shi ma ya ja, ya tashi. Aka sake kunnawa, aka sake kiran Kano, layi ya ƙi, ya ƙi, ya kama. Hoton kuma ba ya ci gaba daga inda ya tsaya, sai ya koma farko. Muka sake shan gaisuwar Hudu tun daga bisimilla, ba mai tari a shagon. Ƙafa mai ciwo ta wuce. Layi na gaba ya fara bayyana, kawunan haruffa tukuna, sannan cikinsu, sannan ɗige-ɗigen ƙasa. Alaramma ya karanta da ƙarfi.

"Na mayar da matata Saude ɗakinta. A yafe min, zato ne ya ci ni."

Ya juya ga Malam Nuhu da direban ya ce, kun ji, kun gani, hannunsa ne, ni na koya masa. Suka ce sun shaida. Shagon ya kaure da kabbara, masu wucewa suka taru a ƙofa suna zaton an yi haihuwa. Alaramma ya zauna a kan kujerar nan da ya taɓa gudu daga kanta, ya share ido da gefen rawani, ya ce in buga masa a takarda, kuma ba zai jira mota ba.

Na goya shi a babur, dattijo mai ciwon ƙafa, yana riƙe da takardar a ƙirji yana ce min in ƙara wuta. Muka isa Aujara rana na shirin faɗuwa. Bai aika yaro ba, da kansa ya tsaya a ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida ya kira sunan Saude. Ni ina daga waje riƙe da babur, labule kawai nake gani. Hannu ya fito ya karɓi takardar. Ta hau karantawa. Na ji ta yi hamdala a hankali. Sai na ji takardar ta motsa, alamar ta juya bayan takardar tana dubawa, ta sake juyowa.

Ta ce, "Baba, bai faɗi ranar da zai dawo ba?"

Alaramma ya waiwayo ya dube ni, ni ma na dube shi. Ya ce a kawo masa tawada. Ni kuwa na juya kan babur ya kalli Dutse, na bar shi a kunne.